Kwana Goma da Kwikwiyon Malam Idi

Na yi shekara ashirin da bakwai ina aikin lafiyar dabbobi, ƙauyuka da yawa da na zaga sunayensu sun ɓace mini, amma ban taɓa mantawa da ranar da Malam Idi ya shigo ofishinmu na Kura da ɗan kwikwiyo cikin kwandon tumatir ba. Wata Talata ce a watan Maris, a shekarun da wayar hannu ta fara kamawa a yankinmu, ita ma sai an nemi tudu. Ku sababbin ma'aikata kun sha tambayata dalilin da ya sa nake share ɗaki tas kafin a tsare kare, da dalilin da ya sa nake nacewa sai an ga wanda aka ciza. Bari in ba ku labarin sau ɗaya in huta.

A lokacin ni mataimakin jami'in lafiyar dabbobi ne. Mutanen gari suna ce mini Likita, ni kuma ban taɓa hana su ba, amma likita na gaskiya shi ne Dokta Aminu, wanda yake zuwa daga Kano duk Alhamis ya duba rahotonmu ya sa hannu. Wannan makon ma ba ya nan, ya tafi kwas Zariya. Aikina shanu ne da tumaki da awaki: allurar riga-kafi, maganin tsutsa, da ciwon hanta da yake addabar shanun da ke kiwo a bakin kanal ɗin ban ruwa. Kare kuwa, tun da na bar makaranta hannuna bai taɓa shi ba, kuma ban yi kewarsa ba.

Malam Idi manomin tumatir ne a wani ƙauye da ke kan hanyar Bunkure. Ya karɓo kwikwiyon ne daga wata ruga, da niyyar in ya girma ya riƙa korar awaki daga shanyar tumatir. Baƙi ne wuluk, bai fi wata huɗu ba, sun sa masa suna Duna. Kafin ya kori ko akuya ɗaya ya cinye silifas ƙafa uku, ludayi biyu, soson wanka, gefen tabarma da igiyar guga. A safiyar ranar, Hajara matar Malam Idi, mai ciki wata bakwai, ta gan shi da hular jaririn da ta saƙa a baki. Ta sa hannu za ta fizge, haƙorinsa ya tsaga mata gindin babban yatsa har jini ya fito.

"Likita, allurar da za ta kashe shi nake so," in ji Malam Idi. "Maƙwabta sun taru da sanduna, sun ce duk karen da yake cin abin da ba abinci ba haukacewa ya yi. Ni kuma ba na so a farfasa shi a ƙofar gidana iyalina tana ji."

Maƙwabtan ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. A littafinmu ma, cin tsumma da itace da duwatsu yana cikin alamomin ciwon haukan kare. Ga shi ba a taɓa yi wa Duna riga-kafi ba, kuma ba wanda ya san inda uwarsa take.

Ga waɗanda ba 'yan aikin ba, ƙa'idar ita ce wannan. Idan kare ya ciji mutum, ana wanke ciwon da sabulu da ruwa mai yawa, a daɗe ana wankewa. Sannan a kai mutumin asibiti a fara yi masa allura ba tare da jira ba. Shi kuma karen ba a kashe shi. Ana tsare shi kwana goma, a duba shi safe da yamma a rubuta abin da aka gani. Idan akwai cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon, ba zai kai kwana goma lafiya ba. Idan ya nuna alama ko ya mutu, sai a yanke kan a sa cikin ƙanƙara a aika ɗakin gwaji. Mutum kuwa, da zarar cutar ta bayyana a jikinsa, magana ta ƙare, sai addu'a.

Na yi wa Malam Idi wannan bayani tiryan-tiryan. Ya yarda a bar karen da rai, amma da na zo kan maganar kai Hajara Kano sai ya ɗaure fuska.

"An ce a cibiya ake yin allurar nan. Mace da tsohon ciki a caccaka mata ciki? Ba da ni ba."

"Wannan ta da ce, Malam. Ta yanzu a dantse ake yi, kuma ba ta taɓa ciki."

"Kai likitan shanu ne ko na mata?"

Muka yi ta ja har Azahar ta kusa, daga ƙarshe na yi abin da har yau nake jin kunyarsa, wato na yi ciniki da shi. Na ce zan tsare karen a wurina, duk ranar da na ga wata alama, ranar zai ɗauke ta zuwa Kano ba musu. Ya ba ni hannu ya ce ya ɗauki alkawari. A raina har ina yaba wa kaina wai na iya lallashi.

Na goya Malam Idi a babur muka je ƙauyen. Na tsaya a zaure kamar yadda kowane baƙo namiji yake yi, na gaya masa yadda za a wanke ciwon. Ya shiga, ya ɗan jima, ya fito ya ce an wanke. Ban ga Hajara ba, ban ga yatsan ba, kuma ban ga laifin hakan ba. Ni ma ba zan so wani ƙato ya faɗa mini cikin gida ba don kawai yana rataye da jakar magani.

Ba mu da keji a ofis, don haka na kulle Duna a sito. Da na buɗe washegari, na tarar ya yage kwalin sirinji, ya cinye rabin safar hannu, ya huda takalmin robana na shiga garke. Yana ganina ya taho yana kaɗa bindi, da guntun roba a baki. Na tsaya riƙe da biro na rasa abin da zan rubuta. In na rubuta "yana cin abin da ba abinci ba", alama ce ke nan, sai a tafi Kano. In na rubuta "lafiya lau", wa ya tabbatar mini?

Na je wurin masu wayar kuɗi da ke bakin titi na kira Dokta Aminu. Bai bari na gama ba.

"Malam Sabo, ka ga ciwon da idonka?"

"Na ga mijinta, ranka ya daɗe."

"Mijin aka ciza?"

Ya ce jiran kare ba ya maye gurbin allura, a kai ta yau. In kuma ba zan iya shiga gidan ba, in nemi wata mace ta shiga ta yi mata bayani. Game da karen, ya ce in sa safar hannu in buɗe bakinsa in duba. Kwikwiyo ɗan wata huɗu yana famfara ne, dasashinsa yana masa ƙaiƙayi, duk abin da ya samu sai ya tauna. Ya ce in kwashe komai daga ƙasa, in ba shi abin taunawa nasa na kansa, kuma kada in taɓa fizgar abu daga bakinsa, in nuna masa wani abin ci zai saki da kansa.

Na bi rabin umarnin, rabin da ya fi sauƙi. Na duba bakin na ga haƙoran nono biyu sun zube, sababbi suna hudowa. Na kafa ƙusoshi a bango na rataye duk abin da za a iya ratayewa, sauran na ɗora kan kanta. Na je mahauta na samo masa ƙofaton saniya da wani ƙaton ƙashi. Ya rungume ƙofaton ya manta da duniya. Na gwada dabarar musaya kuma ta yi: in ya ɗauki tsumma, sai in miƙa masa ɗan tuwo, ya saki tsumman ba faɗa.

Ɗaya rabin kuwa, na sami Malam Idi a gona yana ban ruwa na sake yi masa maganar Kano. Ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Likita, ba alkawari muka yi ba? Karen ya yi wani abu ne?" Na ce a'a. Ya ce to. Na yi tunanin tura matata Binta ta shiga wurin Hajara, sai na ga kamar zagaye mutum ne a gidansa bayan mun yi musafaha. Na bar maganar a kan sai gobe, goben kuma ba ta zo ba.

Kwanakin nan ban ji daɗinsu ba ko kaɗan. Ina cikin garke ina yi wa shanu allura, hankalina yana sito. In Duna ya yi haushi sai in kasa kunne in ji ko muryar ta canja. In ya yi barci da yawa in tsorata, in ya ƙi barci in tsorata. Kullum da yamma sai na biya ƙauyen na tsaya a zaure na ba Malam Idi rahoto: ya ci, ya sha, ya yi wasa. Shi kuma ya ce iyali lafiya lau. Ina lissafin kwanakin kare, a can ƙasan raina kuma ina lissafin kwanakin da matar nan take yi ba allura, kuma na san da hannuna a ciki.

Sai maganar sabulu. Tun ranar farko Binta ta kafa mini doka cewa hannun da ya taɓa yawun kare ba zai taɓa mata buta ko sabulun gida ba. Ta ba ni wata tsohuwar buta da sandar jan sabulu ta ce in bar su can ofis. Ni ma hakan ya yi mini, don ba na iya tsayawa salla sai na wanke hannu har gwiwa bayan na fito daga wurinsa. Kullum nakan wanke a bakin ƙofar sito in mayar da sabulun kan taga.

Rana ta bakwai, Litinin, na duba shi da sassafe, lafiya ƙalau. Ina cikin wanke hannu wani makiyayi ya zo a gigice, saniyarsa ta kasa haihuwa. Na ja ƙofa na kulle muka tafi. Ban dawo ba sai wajen ƙarfe goma. Tun daga waje na ji wani irin kakari. Na leƙa ta taga na ga Duna a tsakiyar ɗaki yana tangaɗi, kumfa fara fat ta cika masa baki tana zuba har ƙirji, idanunsa sun yi ja suna ruwa. Yana ta sa ƙafa yana karce bakinsa. Na jefa masa tuwo, ko kallo bai yi ba.

Ban buɗe ƙofar ba. Abin da ya zo mini kawai shi ne kwana bakwai, da mace mai rai biyu, da hannun da na ba Malam Idi. Ban san yadda na yi na isa ƙauyen ba, na dai san sau biyu ina kusa faɗawa kanal da babur.

Na same shi a gona, ranar ce ranar ruwansu, ya jera bututai ruwa yana shiga kunya-kunya. Na ce, "Malam, karen ya fara kumfa." Zan faɗi gaskiya a kansa, mutumin nan bai yi musu ko na kalma ɗaya ba. Ya yar da fartanya ya bar ruwa yana gudu, ya nufi gida da sauri ina binsa.

A bakin titi, muna jiran motar Kano, na fara ganin Hajara. Doguwa ce siririya, cikin ya yi mata nauyi, ta naɗe hannun da ƙyalle. Na roƙi Malam Idi ya kwance in gani. Yatsan ya kumbura ya yi suntum, ruwa yana fita, an cusa wani baƙin abu a cikin ciwon. Ashe tun kafin a kawo mini Duna tsofaffin unguwa sun yanki gashinsa sun ƙona sun shafa mata, kamar yadda aka saba yi, wankin da na ce a yi kuma a bisa wannan tokar aka ɗan zuba ruwa. Ta dube ni sau ɗaya. Na rubuta musu takarda zuwa asibiti, mota ta zo suka shiga.

Na koma ofis na fara shirin abin da ya rage. Na ɗauko kula, na aika a sayo ƙanƙara, na sa takalmin roba mai huda da safar hannu biyu-biyu, na ɗauki sanda mai igiya. Na yi bisimilla na tura ƙofar sito a hankali.

Duna yana kwance a kusurwa yana gwaguyar ƙofatonsa. Da ya gan ni ya miƙe yana kaɗa bindi. Kwanon ruwansa ya shanye tas. A tsakiyar ɗaki ga amai kashi uku, cike da jajayen gutsattsari, ɗakin kuma yana ƙamshi kamar an yi wanki. Na dubi taga, ba sabulu. Na dubi bayan ƙofa, ga takardarsa a yage. Cikin saurin da nake yi da safe, a ƙasa na ajiye shi ta ciki, na ja ƙofa na kulle su tare.

Na zauna a kan bulo na daɗe. Na yi hamdala, na yi dariya ni kaɗai, sannan wani tunani ya zo mini. In na yi shiru, Malam Idi zai ci gaba da kai ta har a gama allurar, ni kuma ba wanda zai san wautar da na tafka. Na sake komawa wurin masu waya na gaya wa Dokta Aminu komai, har da wannan tunanin.

"Ka gaya musu gaskiya," in ji shi. "In suka gano daga baya, ba wanda zai ƙara kawo maka kare a yankin nan, a bayan gari za su riƙa kashewa. Kuma kwana goma ba su cika ba. Sabulu bai wanke shi daga zargi ba, ka ci gaba da rubutu."

Washegari da safe na je na yi sallama a zaure. Malam Idi ya ce an yi mata allurar farko a dantse, an wanke ciwon an ba ta magani, an ce su koma ranar Alhamis. Na sunkuyar da kai na ba shi labarin sabulu.

"Sabulu," ya ce. "Na bar ruwa ya kwana a gona, tumatir ɗin da ya nuna duk ya farfashe, na jijjiga mace mai ciki a mota har Kano, saboda ka manta sabulu a ƙasa. To Alhamis ba inda za ta."

Sai muka ji murya daga bayan zanar da ta raba zaure da tsakar gida.

"Malam, ka yi mini izini in yi magana."

Ya ce ta faɗa.

"Likita, ina kwana. Ni tun ranar farko nake so a kai ni. A garinmu na ga wanda ciwon nan ya kama, na san yadda yake ƙarewa. Kwana bakwai duk ruwan da zan sha sai na tsaya na ji ko maƙogwarona zai karɓa. Kullum ina nan bayan zanar nan ina jin ku, kare ya ci, kare ya sha, kare ya yi wasa. Ni ba wanda ya tambaye ni."

Malam Idi ya ce, a hankali, "Ai ba ki faɗa ba."

"Ka ce kun yi alkawari da Likita. Ina zan sa baki a maganar maza?"

Na sha jin faɗa daga manya a wurin aiki, amma ba wanda ya taɓa shiga jikina kamar wannan, ga shi ko ɗaga murya ba ta yi ba. Taku uku ne tsakanina da ita duk yammacin da na zo. Da na ɗaga murya na ce, "Uwar gida, yaya hannun?" da ta amsa, kuma ba al'adar da ta hana ni wannan.

Ranar Alhamis Malam Idi da kansa ya kai ta aka yi ta biyu. Malamar asibitin ta gaya masa cewa ko ba maganar hauka, da an ƙara kwana uku da yatsan nan a haka da sai an yi masa aiki. Ranar Juma'a da yamma na rubuta layi na ƙarshe a takardar Duna, lafiya lau, daga baya Dokta ya sa hannu, asibiti kuma suka ce za a iya tsayar da allurar. Na yi masa riga-kafi. Malam Idi ya ce in riƙe shi ko in ba wani, shi ya gaji. Daga bayan zana Hajara ta ce a dawo mata da karenta, ba shi da laifi, ita ce ta sa masa hannu a baki.

Bayan wata biyu aka yi sunan 'yarsu, muka je da Binta. Da ta fito daga cikin gida tana dariya, ta ce ba ta taɓa ganin gida irin wannan ba, ludayi da takalma da matankaɗi duk suna rataye a ƙusa sama da kai, kamar shagon ɗan koli. Duna yana gindin bishiya da sabon ƙofato. Jaririyar kuma tana sanye da hular nan, an sake saƙa mata gefe ɗaya da zare mai wani launi.

To kun ji dalilin share ɗaki. Kwikwiyo mai famfara ba ya bambance ƙashi da sabulu, duk abin da kuka bari a ƙasa kun ba shi ne, kuma zai iya sa ku karanta cutar da babu. Ɗaya dalilin ya fi wannan nauyi. Mutanenmu suna cika alkawari, Malam Idi ya nuna mini haka, amma ni na ƙulla alkawarin da wanda ba a jikinsa ciwon yake ba. Na yi kwana bakwai ina rubuta lafiyar kare safe da yamma, ban rubuta layi ɗaya a kan matar da ya ciza ba, kuma abin da ya kai ta asibiti sabulun da na manta ne. Tun daga ranar, in an kawo mini maganar cizo, kafin in dubi karen nakan je gidan. In ba a shiga, sai in tura ungozoma ko Binta, ni kuma in tsaya a zaure in yi sallama da ƙarfi, in tambayi mai ciwon da bakina.